Masu Tashe a Intanet: Yadda Mutum Yake Zama Abin Kallo

Iyaye, da malaman makarantar Lahadi, da shugabannin matasa sukan yi wata tambaya. Me ya sa wanda yake birgima cikin kwata a gaban waya, ko yake cinye abincin mutum goma a zama ɗaya, ko yake zage-zage tun safe har dare, yake da mabiya kamar ƙasa, alhali wanda yake koyar da lissafi ko gyaran famfo a wannan dandali ɗin ba a ko san da shi ba? Amsar da aka saba bayarwa ita ce duniya ta lalace. Wannan amsa tana kwantar da hankalin mai ba da ita, amma ba ta bayyana kome ba. Abin yana da dalilai da za a iya nunawa da yatsa, waɗansu a cikin halin ɗan adam, waɗansu a cikin yadda aka gina manhajojin, waɗansu kuma a aljihun kamfanoni. Bari mu bi su, 'yan'uwa. Za mu fara da wani yaro da bai taɓa neman suna ba.

Yaron da ya manta da kaset

A watan Nuwamba na 2002, a garin Trois-Rivières na lardin Kebek a ƙasar Kanada, wani ɗalibin sakandare mai suna Ghyslain Raza ya shiga ɗakin ɗaukar hoto na makarantarsu. Bai wuce shekara 15 ba. Ya kunna kyamara, ya ɗauki wata doguwar sanda da ake tsamo ƙwallon golf da ita, ya yi ta juya ta yana kwaikwayon wani mayaƙi na fim ɗin Star Wars. Yaro ne mai ɗan jiki. Yana juyi yana tangaɗi, yana yin ƙarar takobin da bakinsa. Duka abin bai cika minti 2 ba. Ya gama, ya bar kaset ɗin a makaranta, ya tafi harkarsa.

Kowane ɗayanmu ya taɓa yin irin wannan. Akwai wanda ya riƙe tsintsiya yana waƙa kamar yana gaban ƙungiyar mawaƙa, akwai wanda ya yi wa'azi ga kujerun falo sa'ad da ba kowa a gida. Bambancin kawai shi ne namu ba a ɗauka ba.

A watan Afrilu na 2003 waɗansu abokan karatunsa suka tsinci kaset ɗin, suka mai da shi fayil na kwamfuta, suka sake shi ta wata manhajar musayar fayil da ake kira Kazaa. A lura, a lokacin babu Facebook, wanda ya zo a 2004, babu YouTube, wanda ya zo a 2005. Duk da haka, cikin 'yan makonni miliyoyin mutane sun kalla. Waɗansu suka ƙara wa sandar haske da kiɗa, suka sake fitarwa. Wani marubuci a intanet, Andy Baio, ya ɗora bidiyon a shafinsa, daga nan laƙabin "Star Wars Kid" ya bi yaron. Manyan jaridu suka ɗauki labarin. A shekarar 2006 wani kamfani ya ƙiyasta cewa an kalli bidiyon sau miliyan 900.

Abin da ya faru da yaron kuwa, shi ne ba a gani a allo ba. A makaranta ɗalibai suka riƙa yi masa ihu da ba'a har ya kasa zama, ya bar makarantar, iyayensa suka samo masa malami a gida. 'Yan jarida suka dame su. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ido da ido ba suka riƙa rubutawa a intanet cewa ya kashe kansa. Gidajen talabijin suka yi ta gayyatarsa, ya ƙi, domin ya gane abin da suke so shi ne ya zo ya sake juya sandar a yi dariya. A watan Yuli na 2003 iyayensa suka kai iyalan ɗaliban ƙara suna neman dalar Kanada 250,000, a 2006 aka sasanta a wajen kotu.

Shekara goma ya yi bai yi wa 'yan jarida magana ba. A 2013 ne ya buɗe baki, dalilinsa kuwa shi ne labaran matasa da suka kashe kansu saboda cin mutunci a intanet. Yana so waɗanda suke cikin irin halin su ji daga bakin wanda ya fita da rai. A lokacin ya riga ya karanta shari'a a Jami'ar McGill. A 2022 hukumar fina-finai ta Kanada ta fitar da fim na tarihi a kansa, a ciki ya sadu da Andy Baio, Baio ya roƙi gafararsa, ya kuwa karɓa.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya kamata mu tsaya a kansa. Da yawa daga cikin masu kallon ba su ɗauki kansu miyagu ba. Waɗansu ma sun ce yaron ya burge su, har suka tara kuɗi suka aika masa da kyautar iPod. Kowane mai kallo ya yi dariya ta minti 2, ya tura wa abokinsa, ya koma aikinsa. Ba wanda ya ji ya yi wani babban laifi, a gaskiya kuma laifin kowane ɗaya ƙarami ne. Amma dukan waɗannan ƙananan dariya a kan mutum ɗaya suka sauka. Wannan shi ne abu na fari da za a gane game da suna a intanet: masu kallo sun rarraba nauyin a tsakaninsu har ba wanda ya ji shi, wanda ake kallo kuwa shi kaɗai ya ɗauke shi duka.

Abin ya girmi waya

Kada mu ɗora wa waya abin da ta tarar. Littafin Mahukunta sura 16 ya ba da labarin yadda Filistiyawa suka fito da Samson daga kurkuku, makaho, domin ya ba su nishaɗi a ranar bikinsu, mutum wajen 3,000 suna kallo daga kan rufi. A ƙasar Hausa ma mun san masu ba da dariya tun kaka da kakanni: wawan sarki, 'yan kama, 'yan gambara, masu wasa da kura da macizai a ranar kasuwa. Sai dai waɗannan sana'a suke yi. Ɗan kama shi ne yake zaɓar lokacin da zai fara da lokacin da zai tashi, shi yake karɓar kuɗinsa da hannunsa, in kasuwa ta watse ya koma gida a matsayin maigida, mutanen gari sun san gidan ubansa. Wawan sarki ma yakan faɗa wa sarki gaskiyar da hakimai ba sa iya faɗa.

Akwai wani irin kallo dabam da muka sani, wato na yara sa'ad da suka bi mai taɓin hankali a kasuwa suna tsokanarsa don ya yi abin da ya saba yi. Wannan ba ya daɗewa. Wani dattijo yakan fito ya daka musu tsawa, su watse. A intanet kasuwar ba ta tashi, yaran sun kai miliyan, dattijon da zai kore su kuma ba ya nan.

Turawa ma sun yi nasu, da tikiti. A watan Satumba na 1906 aka sa wani mutumin Kwango mai suna Ota Benga a keji a sashen birai na gidan namun daji na Bronx, a birnin New York. Wanda ya kawo shi Amurka, Samuel Verner, ya taɓa yin aikin mishan a Kwango, abin da ya kamata ya sa mu sunkuyar da kai. An ruwaito cewa a wata ranar Lahadi mutum kusan 40,000 suka shiga gidan. Fastocin baƙaƙen fata ne, a ƙarƙashin jagorancin Rabaran James Gordon, suka tsaya kai da fata har aka sake shi. Ota Benga bai sake ganin ƙasarsa ba; ya harbe kansa a 1916 a garin Lynchburg. Sai a 2020 hukumar da take kula da gidan namun dajin ta nemi gafara a fili.

Yadda manhaja take zaɓen wanda za ta ɗaga

Tun a 1971 masanin nan Herbert Simon, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel, ya lura cewa idan labarai suka yi yawa, abin da zai yi ƙaranci shi ne hankalin mutanen da za su saurare su. A kan wannan aka gina kasuwar. Ba ka biyan TikTok ko Facebook ko YouTube kome, sai kuɗin data da kake ba kamfanin layinka. Masu talla ne suke biyansu, abin da suke saye kuwa shi ne mintocin da idonka yake kan allo.

Saboda haka kowace manhaja tana da wani lissafi a cikinta, wanda ake kira algoridim, aikinsa shi ne ya zaɓo abin da zai hana ka ajiye wayar. A 2012 YouTube ya sanar cewa zai riƙa fifita bidiyo bisa ga tsawon lokacin da mutane suka ɓata suna kallonsa. A 2020 TikTok ya bayyana cewa kallon bidiyo har ƙarshe yana da nauyi sosai a lissafinsa, yawan mabiyan wanda ya ɗora shi kuwa ba ya cikin abubuwan da ake dubawa kai tsaye. Shi ya sa wanda ba kowa ba ne jiya zai iya wayewar gari duniya ta san fuskarsa. Manhajar takan nuna sabon bidiyo ga waɗansu mutane, ta duba ko sun tsaya, ko sun maimaita, ko sun yi sharhi, ko sun tura. In sun yi, sai ta ƙara yawan waɗanda za ta nuna wa.

To, mene ne yake tsai da yatsan mutum? Abin da bai saba gani ba. Mai koyar da gyaran famfo yana faɗin abu mai amfani, amma ido ya san irinsa. Wanda ya zuba wa kansa toka yana rawa a tsakiyar titi kuwa, ko ka ƙi shi sai ka tsaya ka ga ƙarshensa.

A nan ne mutane masu kirki da yawa suke yi wa abin da suke ƙi aiki ba da saninsu ba. Lissafin ba ya bambanta yabo da zagi. Idan ka rubuta "Allah ya shirye ka" a ƙarƙashin bidiyo, an ƙidaya sharhi ɗaya. Idan ka tura shi zuwa zauren WhatsApp na zumuntar mata kana cewa ku zo ku ga lalacewar zamani, an ƙidaya turawa ɗaya, duk wadda ta buɗe kuma an ƙidaya kallo. Takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamomin fuska, har da ta fushi, maki 5, alamar so ta yau da kullum kuwa maki 1. Ma'aikatansu da kansu suka gano cewa alamar fushi ta fi taruwa a kan labaran ƙarya da na cin mutunci, daga baya aka rage mata nauyi. Masu neman tashe sun san wannan sarai. Zaginka abincinsu ne.

Sai batun kuɗi. A YouTube, ƙa'idar da aka kafa a 2018 ita ce mutum ya sami mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin a fara raba kuɗin talla da shi, a dogayen bidiyo kuma kashi 55 cikin 100 ne nasa. Amma kallo daga Nijeriya ba ya kawo kuɗin da kallo daga Amurka yake kawowa, domin masu talla ba sa biyan farashi ɗaya a ko'ina. Shi ya sa yawancin masu tashe a wajenmu suke dogara ga tallan kayan mutane, da magunguna, da kamfanonin caca, da kuma kyautar da masu kallo suke aikowa sa'ad da suke shiri kai tsaye. Wannan kyauta ma ba duka take isa hannunsu ba. A watan Oktoba na 2022 BBC ta binciki iyalai 'yan gudun hijira a sansanonin Siriya waɗanda suke bara kai tsaye a TikTok, ta tarar cewa har kashi 70 cikin 100 na kyautar yana tsayawa a wurin kamfanin.

Wanda ya nema da kansa

Wanda ya sami tashe da abu na ban mamaki yana da matsala ɗaya: abin mamaki ba ya kwana biyu yana ba da mamaki. Abin da ya tara mutane yau, jibi sun saba da shi. Dole ya ƙara. Haka masu kallo suke horar da mai wasa, ba tare da sun zauna sun shirya ba. In ya yi magana mai hankali, lambobi su sauka. In ya yi kuka ko faɗa, su hau. Yana ganin lambobin kowace safiya.

Nicholas Perry, Ba'amurke da aka sani da Nikocado Avocado, ya fara ne siriri, mai kaɗa goge irin na Turawa, yana bidiyo a kan cin ganyayyaki. Wajen 2016 ya koma cin abinci tuli a gaban kyamara, wani salo da ya samo asali daga Koriya ta Kudu. Mabiya suka ƙaru, jikinsa ya ƙaru, bidiyon suka koma kuka da ihu da birgima cikin abinci. Miliyoyin mutane suna kallo suna cewa wannan mutum yana kashe kansa, suna kuma dawowa gobe. A watan Satumba na 2024 ya fito a rame, ya ce ya rage fiye da kilo 110, kuma bidiyon da aka yi ta kallo shekara biyu tsofaffi ne da ya ɗauka ya ajiye. Shi ya sami hanyar fita, ko da yake har fitar ma ya mai da ita abin kallo.

Wu Yongning bai samu ba. Matashi ne ɗan ƙasar Sin, ya yi suna da hawa dogayen gine-gine yana lilo a bakinsu ba igiya. A watan Nuwamba na 2017, yana da shekara 26, ya faɗo daga wani bene mai hawa 62 a birnin Changsha, kyamararsa tana ɗauka. A 2019 wata kotu a Beijing ta yanke cewa wani dandalin da yake yaɗa bidiyonsa yana da nasa alhakin, ta umarce shi ya biya mahaifiyarsa yuan 30,000. Hausawa sun ce in mutum ya ce zai haɗiye gatari, riƙe masa ƙota. A intanet masu riƙe ƙotar ba sa ƙarewa.

Mun ga ɗan wannan a gida. A watan Mayu na 2023 Hilda Baci ta yi girki a Legas ba tsayawa, Guinness ta tabbatar mata da awa 93 da minti 11. Ita ƙwararriyar mai girki ce, ta yi shiri na watanni, tana da sana'ar da sunan zai amfana. Abin da ya biyo baya shi ne abin dubawa. Cikin 'yan makonni aka cika ƙasa da masu neman kafa tarihi a waƙa, da tausa, da kuka, har gwamnatin Jihar Ekiti ta hana wata gasar sumba da aka shirya. Kafin shekarar ta ƙare wani ɗan Ireland, Alan Fisher, ya karɓe kambun da awa 119 da minti 57.

Adalci ya sa a ce ba kowane mai tashe ne yake sayar da mutuncinsa ba. Khaby Lame an haife shi a Senegal a shekarar 2000, ya tashi a garin Chivasso na Italiya. A watan Maris na 2020 aka sallame shi daga aikin masana'anta saboda annobar korona, ya fara ɗora bidiyo yana nuna hanya mai sauƙi ta yin abin da waɗansu suke wahalar da kansu a kai, ba ya cewa uffan, sai ya buɗe tafin hannuwansa. A watan Yuni na 2022 ya zama wanda ya fi kowa mabiya a TikTok. Ba ya zagin kowa. Amma matashin da yake son ya bar makaranta ko koyon sana'a domin ya zama Khaby na gaba, ya kamata a tuna masa cewa miliyoyin mutane sun rasa aiki a wannan watan, da yawa sun ɗora bidiyo, sunan ɗaya muka sani. Kamfanin caca ma hoton wanda ya ci yake mannawa a bango.

Wanda aka ɗauko

Akwai rukunin da ya fi ba ni tsoro, wato na waɗanda wani ne ya riƙe musu kyamarar. A watan Janairu na 2011 wani ɗan jarida a birnin Columbus na Amurka ya fitar da bidiyon Ted Williams, wani mara gida da yake bara a bakin titi, mai murya irin ta masu gabatar da shiri a rediyo. Cikin kwana biyu duniya ta san shi. Kamfanoni suka yi masa tayin aiki, gidajen talabijin suka yi ta yawo da shi daga wannan shiri zuwa wancan, har saduwarsa da tsohuwar mahaifiyarsa a gaban kyamara aka yi ta. Mutumin kuwa ya daɗe yana fama da giya da ƙwayoyi. Kafin wata ya ƙare ya shiga gidan jinyar masu shaye-shaye, ya fito bai cika mako biyu ba. Ya ɗauki shekaru yana faɗuwa yana tashi, a lokacin masu kallo sun riga sun koma kan wani.

A Indunusiya, a farkon 2023, aka riƙa nuna tsofaffin mata kai tsaye a TikTok suna zaune cikin ruwan taɓo, duk wanda ya aiko da kyauta sai su zuba wa kansu ruwa, suna rawar sanyi. Matasa ne suke riƙe da shafukan. Sai da ma'aikatar jin daɗin jama'a ta ƙasar ta fitar da takardar hani.

Ba sai mun je Indunusiya ba. Ana samun tsoho mai in'ina, ko gurgu mai ban dariya, ko wani da ciwon ƙwaƙwalwa yake sa shi surutai, sai wani matashi ya mai da shi jarinsa. Yana saya masa abinci, yana ba shi 'yan kuɗi, in an yi magana ya ce taimakonsa yake yi. Wani lokaci ma da gaske taimakon yana kaiwa. Amma a tambaya: wa yake riƙe da lambar sirrin shafin, kuma asusun wa kuɗin suke shiga? In mutumin ya sha magani ya warke ya daina surutai, shafin zai ci gaba? In amsar ita ce a'a, to, ciwon nasa ne hajar, mai kyamarar kuma ba shi da dalilin son ya warke.

Mu masu kallo kuma mukan ji kamar mun san waɗannan mutane. Tun a 1956 waɗansu masana biyu, Donald Horton da Richard Wohl, suka bayyana yadda mai kallon talabijin yake ƙulla zumunci na gefe ɗaya da wanda yake gani a allo, yana jin abokinsa ne, alhali wancan bai san yana duniya ba. Wannan ne yake sa mutum ya aika wa baƙo a TikTok kuɗin da bai taɓa ba gwauruwar da take maƙwabtaka da shi ba. Shi ne kuma yake sa ya ga yana da ikon hukunta baƙon in ya saɓa masa.

Sa'ad da abin ya shigo majami'a

Bagade bai tsira ba. Ayyukan Manzanni sura 8 ta ba da labarin Siman na Samariya, wanda babba da yaro suke binsa domin ya daɗe yana ba su mamaki. Lissafin manhaja yana son irin Siman. A watan Nuwamba na 2016 hotunan wani mai kiran kansa annabi a lardin Limpopo na Afirka ta Kudu, Lethebo Rabalago, suka zaga duniya yana fesa wa mutane maganin ƙwari mai suna Doom a fuska da sunan warkarwa. A watan Fabrairu na 2018 kotu ta same shi da laifin cin zarafi. Dubban fastocin da suka yi wa'azi na gaskiya a wannan Lahadin, suka ziyarci marasa lafiya da yamma, ba wanda ya ɗauki hotonsu. Wanda yake waje yana kallon ikkilisiya ta cikin waya, mai fesa maganin ƙwari yake gani.

Amma abin da ya fi kusa da mu ba annabawan ƙarya ba ne, kyamarar da take cikin majami'armu ce. Tun lokacin korona ikkilisiyoyi da yawa suna watsa sujada kai tsaye, kowane matashi kuma yana da waya a aljihu. Yaro ya manta ayar haddace a ranar yara ya fashe da kuka. Dattijo ya taka rawa a ranar godiya har zaninsa ya kusa kwancewa. Mace ta tsaya ba da shaida ta faɗi abin da ya faru a aurenta, ko ciwon da take ɗauke da shi. Wani ya faɗi ƙasa lokacin addu'a. A cikin ɗakin, a tsakanin 'yan'uwa da suka san su, waɗannan abubuwa suna da ma'anarsu. In aka yanko daƙiƙa 20 aka ɗora masa kiɗa, ya zama irin kaset ɗin da aka tsinta a makarantar Kanada. A arewa kuma akwai ƙarin dalili: akwai masu zuwa sujada waɗanda bayyanar fuskarsu a intanet za ta iya jawo musu wahala a gida ko a unguwa.

Doka ma ta shigo cikin zancen. Dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta sa addinin mutum da lafiyarsa cikin bayanan da suke bukatar kulawa ta musamman, ta kuma bukaci yardar iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro. Ikkilisiyar da take ɗora bidiyo tana sarrafa irin waɗannan bayanai, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Abin da dattawa za su iya tsarawa ba mai wuya ba ne. A san wanda yake riƙe da kyamara da wanda yake riƙe da lambar sirrin shafin ikkilisiya, kada a bar su a hannun mutum ɗaya da ba ya ba kowa lissafi. A keɓe waɗansu kujeru da kyamara ba ta kaiwa, a sanar da su. A lokacin shaida da addu'ar marasa lafiya a tsai da watsawa. In kuwa ana so a ɗora shaidar wani, kada a tambaye shi a ranar, sa'ad da zuciyarsa take cike, hawaye bai bushe ba, zai ce i ga kome. A bari mako ya zagayo, a nuna masa bidiyon, a gaya masa cewa surukansa da maigidansa a wurin aiki da 'ya'yansa in sun girma duk za su iya gani, a kuma gaya masa cewa ko an goge daga shafin ikkilisiya, ba za a iya gogewa daga wayoyin da suka riga suka sauke ba. Sa'an nan a tambaye shi.